Wane buroshi ya kamata in saya don zanen farce? Nawa duk sun lalace

Mai Koyon Kwalliya (Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Lalle nake yi wa amare, yanzu kuma na haɗa da zanen farce, galibi a kan farcen roba da ake mannawa a cire idan lokacin sallah ya yi. Na sayi ƙunshin buroshi mai guda 15, ko wata biyu ba a rufa ba guda uku sun sandare kamar tsinke, siririn kuma bakinsa ya rabu, in na ja layi sai ya fito biyu-biyu. Da asiton, ruwan nan mai narkar da jan farce, nake wanke su duka. Da jel nake aiki, irin jan farcen da ake busarwa a fitilar lantarki, in babu wuta kuma in koma jan farce na kwalba, sannan ina so in fara koyon akirilik, wato hoda da ruwan da ake haɗawa a gina farce. Waɗanne ne dole in mallaka? Yaya ake gane mai kyau tun a shago? Kuma me ya sa layina yake yin kauri a farko ya tsinke a ƙarshe? Allah ya saka da alheri.

Uwar Ɗakin Amare (Daura)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki ture asiton ɗin nan gefe, shi ya cinye miki rabin kayan.

Buroshi kashi uku ne: gashi, da wuyan ƙarfen da ya riƙe gashin, da ƙota. A cikin wuyan akwai gam da ya ɗaure gindin gashin. Waɗannan ukun za ki duba in za ki saya, ba kyan kwali ba. Ki kama gashin da yatsu biyu ki ja a hankali. Ko sili ɗaya ya biyo hannunki, ki mayar wa mai shago abinsa, domin gobe a cikin jel ɗin amarya za ki tsinci sauran. Ki murɗa wuyan, in yana motsi a jikin ƙota to ba zai daɗe ba. Sai ki ɗaga shi wajen haske ki dubi bakin: siriri ya tsuke ya ƙare da tsini ɗaya tak, mai faɗi kuma bakinsa ya daidaita, babu silin da ya fi ɗan'uwansa tsawo.

Sabon buroshi yana zuwa da ɗan ƙaro ko sitaci da aka shafa masa don gashin ya haɗe, shi ya sa kowanne yake da kyau a cikin leda. Halinsa ba ya fitowa sai ya jiƙe. In mai shago ya yarda, ki ɗiga masa ruwa, ki lanƙwasa shi a bayan farcenki ki saki. Mai kyau zai miƙe ya koma tsininsa, marar kyau zai tsaya a karkace yana kallon gefe.

Cikin guda 15 ɗin nan, huɗu ne masu aiki. Na farko gajeren siriri, mai gashi milimita 5 zuwa 7. Shi ne na fure da ganye da 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da muka saba yi a lalle. Na biyu dogon siriri, milimita 11 zuwa 15, akwai ma mai 20 da ɗoriya. Shi ne na miƙaƙƙen layi. Masu koyo suna tsoronsa suna gudu wajen gajere, alhali shi ya fi sauƙi in layi ake so: dogon gashi yana riƙe launi mai yawa, ba ya yankewa a tsakiyar hanya, kuma bakinsa yana biyo hannu ne daga baya, don haka rawar hannu ba ta isa kan farce. Da gajere kuwa, duk motsin yatsanki sai ya fito a layin. Na uku mai faɗi mai zagayayyen baki, wajen lamba 6, na shafa jel a kan farce gaba ɗaya, zagayen bakinsa yana bin gindin farce ba tare da ya taɓa fata ba. Na huɗu mai karkataccen baki, na gyaran gefe da fitar da layin farin baki. Ki ƙara da ƙarfen ɗigo mai kai biyu, babba da ƙarami. Shi ba buroshi ba ne, amma duk wani ɗigo da tsakiyar fure aikinsa ne, kada ki riƙa dangwala tsinin siriri don yin ɗigo, haka ake kashe bakinsa.

Mai kama da mafici na watsa ƙyalli ne da haɗa launi biyu, zai iya jira sai hannunki ya faɗa.

Lambar da ake rubutawa a ƙota ba ɗaya ba ce tsakanin kamfanoni, lamba 0 ta wannan tana iya zama lamba 1 ta wancan. In za ki yi saƙo daga Sabon Gari ta Kano ko ta intanet, ki faɗi tsawon gashin da milimita, kada ki faɗi lamba kawai. Kuma ki ce mai gashin nailon, mai murfi. Murfin nan ba ado ba ne. Jel ba iska ke busar da shi ba, haske ne, kuma hasken rana yana ɗauke da irin hasken da fitilarki take bayarwa. Buroshi mai jel a jiki in ya zauna kusa da taga, ko a gefen fitila tana kunne, 'yan mintoci sun isa ya zama dutse. Ina kyautata zaton abin da ya sami ukun nan naki ke nan.

Mai Zanen Ƙumba (Ƙofar Marusa)

Anty ta gama magana a kan saye. Bari in taɓa layin da kika ce yana kauri a farko ya tsinke a ƙarshe, 'yar'uwa. Wannan ba laifin hannu ba ne, ɗiba ce ba ta yi ba. Tsoma baki kawai kike yi a kwalba, sai launi ya taru a tsini kamar ƙwallo, gindin gashin kuma a bushe. Da kin ɗora sai ƙwallon ya zube wuri ɗaya, sauran tafiyar kuma babu abin da zai ciyar da ita.

Ki samu gutsuren farin tayil ko murfin gilashi. Ki ɗiga jel kamar ƙwayar dawa. Ki kwantar da siririn a ciki ki ja shi waje kina murza ƙotar tsakanin yatsu, sau uku ko huɗu, har gashin ya sha tun daga kusa da wuya zuwa tsini. Sai ki ja layi ɗaya a kan tayil ɗin don rage yawa. In kin ɗaga shi, gashin ya fito siriri sumul, babu ɗigo a baki. In akwai ɗigo, ki sake ja. Kada ki bari launi ya shige cikin wuyan ƙarfen, can ne yake taruwa ya buɗe gashin daga gindi, kuma shi ne asalin rabewar baki.

Riƙo kamar na biro ne, amma ƙaramin yatsanki ya dafa wani abu, ko hannun amarya ko ɗayan hannunki, gwiwar hannu kuma a kan tebur. Hannun da ke rataye a iska ba ya jan layi. Dogon siriri kwantar da shi ake yi, kusan duk tsawon gashin ya taɓa ƙumba, a ja sau ɗaya ba tsayawa. In layin zai ƙetare ƙumba daga gefe zuwa gefe, ki tsayar da buroshin ki juya yatsan mai shi a ƙarƙashinsa, ya fi fita daidai. Gajere kuma a tsaye yake aiki, tsini kaɗai ke taɓawa. Ganye da shi ake yi da motsi uku: ki taɓa da tsini, ki danna kaɗan gashin ya buɗe, ki ɗaga kina ja ya tsuke. Wadda ta iya matsa ledar lalle ta riga ta san wannan, nauyin hannu ne yake ba da kauri.

Ki gwada da dagi, yana koyar da komai. Da dogon siriri ki ja dogayen zobba biyu masu giciye da juna, ki sa a fitila daƙiƙa 10 don su tsaya, sannan ki zo da gajere ki zana murabba'in da ya ratsa su. In ba ki tsayar da na farko ba, inda layuka suka haɗu za su narke cikin juna su zama tabo. Bayan kin gama duka ki ba shi cikakken lokacinsa, daƙiƙa 60 a fitilar LED, minti 2 a tsohuwar fitilar UV, ko abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Abu biyu kuma suna sa layi ya baje ko da ɗiba ta yi daidai. Ɗaya, danƙon da ke saura a saman jel bayan ya fito daga fitila. In kika yi zane a kansa, layin zai riƙa yaɗuwa kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Ki goge shi da sipirit ki bari ya sha iska, ko ki shafa jel ɗin sama marar sheƙi ki busar, ki yi zanen a kai. Biyu, irin jel ɗin. Na kwalba mai buroshi a murfi an yi shi ne ya kwanta ya baje da kansa. Na zane a ƙaramin gwangwani yake zuwa, mai kauri, inda kika ajiye shi nan yake tsayawa. Baƙi da fari na gwangwani sun ishe ki farawa. Amma ki yi su da siranta, domin launinsu yana tare haske, in suka yi kauri sama ta bushe ƙasa ta zauna ɗanya, sai ki ga zanen ya yamutse.

Yanayinmu ma yana da hannu. A watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, jel yana tsinkewa ya yi ruwa, sai ki rage ɗiba ki riƙa tsayar da kowane yatsa a fitila kafin ki wuce na gaba. Da hunturu kuma yana daskarewa ya riƙa jan zare, ki dumtse gwangwanin a tafin hannu minti biyu ko uku kafin ki buɗe. Ƙurar hunturu kuwa ba ta da abokin zama kamar buroshi mai danƙo, da kin ajiye ki rufe.

Wanki: buroshin jel ba ya son wanka kullum. Tsakanin launi da launi, ki ɗiga jel marar launi a tayil, ki murza gashin a ciki har tsohon launin ya fito, ki matse a tsakanin ƙyallen goge farce marar gashi, ki ja daga wuya zuwa baki. Kada ki yi da auduga, zarenta yana maƙalewa. In launin ya ƙi fita, kamar baƙi ko ja, ki ɗan jiƙa ƙyallen da sipirit marar launi na kemis ki goge, sannan ki sake ratsa shi cikin jel marar launi, ki daidaita tsinin, ki rufe. Wannan ɗan jel ɗin da ya saura shi ke riƙe bakin a haɗe.

Hajiya Mai Akirilik (Katsina)

Ɗiyata, tunda kin ce za ki shiga akirilik, ki sani buroshinsa daban ne, kuma a nan ne ba a yin arha. Gashin kolinski ake nema, na jelar wata 'yar dabba mai kama da tunku da ke rayuwa a Saberiya da arewacin ƙasar Sin. Dalili shi ne gashin dabba yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa da ke riƙe ruwan akirilik su sake shi a hankali, cikinsa kuma yana da tumbi da ke tara ruwan. Nailon santsi gare shi, ruwan yana zubewa lokaci guda, hodar kuma ta manne masa. Ana sayar da na jabu da yawa da sunan kolinski. Na gaske launinsa ruwan zuma ne mai ɗan ja, yana ɗan duhu wajen baki, kuma ba ya ƙyallin roba.

Mai koyo ta fara da lamba 8, in ta ƙware ta hau 10 ko 12. Babba yana ɗibar ruwa da yawa, in hannu bai saba ba sai ƙwallon hodar da buroshin ya ɗauko ya zo a jiƙe sharkaf ya gangara cikin fata.

Sabo fil ba a tsoma shi haka nan. Ki murza gashin tsakanin yatsu masu tsabta, za ki ga farin gari yana tashi, ƙaron nan ne. Ki ci gaba har ya daina, yakan ɗauki mintoci. Sai ki zuba ruwan akirilik kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, ki nutsa gashin ki danna a ƙasan kofin har kumfar iska ta daina fita, ki goge a tishu, ki maimaita sau biyu, ki zubar da wannan ruwan. Daga ranar ba ki ƙara taɓa gashin da yatsa ba. Maiƙon hannu yana sa akirilik ya ɗaga daga farce, ruwan kuma in ya yawaita taɓa fata yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da ba sa barin mutum, ko bayan shekaru ya sake taɓawa sai su dawo. Haka ɗanyen jel yake, shi ya sa ake goge duk wanda ya hau fatar amarya kafin hannu ya shiga fitila.

Wajen aiki, ki tsoma, ki share gefe ɗaya a bakin kofi, ki ɗora tsinin a kan hoda ki ƙirga uku. Ƙwallon da ya yi daidai yana fitowa da 'yan gurza-gurza a sama, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya koma sumul kamar lu'ulu'u. In ya tsaya da gari a jiki, ruwa ya yi kaɗan. In yana ɗiga, ya yi yawa. Da kin ajiye shi a farce ki goge buroshin a tishu kafin ki fara dannawa, kuma da cikin buroshin ake dannawa, ba da tsini ba. Bayan kowane ƙwallo a goge. Wanda ya manta da wannan ne yake samun dunƙule a tsakiyar gashi. Da zafi akirilik yana saurin kamawa, kuma fanka in tana bugun tebur kai tsaye tana busar da ruwan tun a buroshi, ki juya ta gefe amma ki bar taga a buɗe saboda warin.

In kin tashi, ki wanke shi da ruwan akirilik mai tsabta, ki matse a tishu ya dawo siffarsa, ki kwantar da shi a aljihun tebur. Kada ki tsayar da shi a kofi baki sama yana jiƙe, ruwan zai gangara cikin wuya ya taru, ya gurɓace, gobe ki ga farin akirilik ɗinki yana fitowa rawaya. In za ki sayi ruwan, ki duba sunan sinadarin da ke cikinsa, a rubuce EMA ne, ki guji mai MMA, shi yana yin tauri fiye da kima, in farce ya bugu da wani abu sai ya fizge farcen ainihi tare da shi.

Mai Koyon Kwalliya (Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Anty, Allah ya ƙara buɗi. To waɗanda suka sandare akwai yadda za a ceto su? Siririn da ya rabu kuma in datse bakinsa da almakashi? Sannan ranar da babu wuta, da me zan wanke jan farce na kwalba in ba asiton ba?

'Yar Kusugu (Daura)

A nan zan ɗan saɓa wa Anty. Asiton yana da wurinsa, jan farce na kwalba ba abin da ke narkar da shi sai shi ko man goge farce. Abin da za ki yi shi ne ki ware buroshi biyu masu arha na nailon, siriri ɗaya da mai karkataccen baki ɗaya, ki ɗaura musu jan zare a ƙota, su kaɗai ne za su riƙa ganin asiton. Ki zuba kaɗan a murfin kwalba, iya yadda gashi kaɗai zai nutse, ki kaɗa daƙiƙa 5 ki goge. Ɓarnar tana zuwa ne idan ya haura wuya ya narkar da gam, ko ya taɓa ƙotar roba ya cinye ta, ko a bar buroshi a tsaye a ciki bakinsa ya lanƙwashe.

Amma jan farce ba abin zane ba ne, kafin ki gama ganye ɗaya ya fara kamawa a gashi. Ranar da babu wuta ki shafa shi a matsayin shimfiɗa, ki bari ya bushe sarai, ki yi zanen da fentin akirilik na ruwa irin na masu zane a takarda. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin fenti kamar ƙwayar wake ya isa ya sa shi ya bi siriri. In kin yi kuskure ki goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, shimfiɗar ba za ta motsa ba. Ki ba shi minti 5 ya bushe, ki rufe da jan farce marar launi, buroshin murfin ya ɗauko da yawa ya bi ta sama a hankali kada ya ja zanen. Wankinsa ruwa ne da ɗan sabulu, amma nan take, domin in ya bushe a gashi ruwa ba ya fitar da shi.

Mai Zanen Ƙumba (Ƙofar Marusa)

Kada almakashi ya taɓa bakin, 'yar'uwa. Kowane sili an yi shi ne ya sirance zuwa tsini, in kika datse kin mayar da shi kututture, layinsa ba zai ƙara siranta ba. Ki fara fitar da abin da ya taru a gindi da sipirit, kina tsefe shi da tsinken sakace daga wuya zuwa baki. Sai ki tsoma gashin kaɗai a ruwan zafi, wanda aka sauke ya ɗan huce, daƙiƙa 10 zuwa 15, ki fitar ki murza shi a ƙyalle ya tsuke, ki bari ya bushe a kwance. Nailon yana miƙewa da zafi. In sili ɗaya ko biyu sun ƙi komawa, ki cire su daga can gindi da abin yanke fatar gefen ƙumba. Haka kuma ake rage kaurin siririn da ya yi kauri, ana zagayawa ana cire na waje daga gindi, na tsakiya ba a taɓa su.

Waɗanda suka sandare kuma ya danganta da abin da ya kama su. In jan farce ne, asiton zai sake su cikin minti ɗaya ko biyu. In jel ne ya bushe da haske, ya riga ya zama roba, ko kin jiƙa ya fita gashin ba zai dawo daidai ba. Kada ki yar, ki tsige gashin ki bar ƙotar, ki soka kan fil mai ƙwallo a wuyan da ɗan gam, kin samu abin ɗigo.

Hajiya Mai Akirilik (Katsina)

Na akirilik in ya kama, ruwan akirilik za ki zuba a ƙaramar kwalba, ki rataye buroshin da maƙalin shanya yadda gashin zai nutse ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ki rufe bakin da leda, ya kwana. Da safe ki tura dunƙulen a hankali da sandar katako ta tura fata, daga wuya zuwa baki, kada ki fizga. In bai fita duka ba ki canza ruwan ki sake ba shi awanni. Kuma tunda kina lalle, buroshin da kike shafa wa farce jan lalle da shi ya zauna a jakar lalle, kada ya shiga cikin waɗannan, man da ake zuba wa kwaɓin in ya taɓa farcen roba jel ba zai kama shi ba.